Mai mantuwa da littafin bashinsa: abin da ƴan kallo ke cewa kan Ghajini da Memento

Ƴan uwa masu karatu, musamman ku da kuke wuni cikin rumfa, da ku iyayenmu mata masu tebur da masu awo, bari mu soma da wata tambaya. A ce yau da hantsi, ana tsakar ciniki, duk abin da ya wuce minti 15 ya goge daga kanka tas. Ba ka san wanda ya biya ba, ba ka san wanda ya ɗauki buhu ya ce sai ran kasuwa ba, kai, ko mutumin da ke tsaye gabanka da hannu a miƙe ba ka san ko kuɗi zai ba ka ko canjinsa yake jira ba. Yaya za ka yi? Duk wanda muka yi wa wannan tambaya, ko a babbar kasuwar Maraɗi ko a Kasuwar Dole ta Damagaram, amsa guda muke samu: a nemi bik da karne, a rubuta komi.

A kan wannan amsa aka gina wasu finafinai guda biyu, ɗaya na Amurka ɗaya na Indiya, waɗanda labarinsu uwa ɗaya uba ɗaya ne amma gidan da aka raine su ya bambanta. Na Amurka sunansa Memento, ya fito a shekara ta 2000. Na Indiya shi ne Ghajini na Aamir Khan, wanda ya fito a 2008, kuma shi ne mafi yawanmu muka sani, tunda fim ɗin Indiya ba baƙo ba ne gare mu tun zamanin silimar da ba ta da rufi. Shekaru sun shuɗe, amma har gobe in aka tado zancensu sai majalisa ta rabu. Mun bi abin da ƴan kallo suka ce, na can da na nan, sai muka tarar gardamar, duk inda ta faro, a bakin littafin bashi take tsayawa.

Labarin Sanjay da Kalpana

Ga waɗanda ba su gani ba, ko suka gani suka manta (ba laifi, ai zancen mantuwa muke), Ghajini labarin Sanjay Singhania ne, wani hamshaƙin attajiri mai kamfanin wayar salula a birnin Mumbai. Wata yarinya mai suna Kalpana, wadda ke fitowa cikin ƙananan tallace-tallace, ta shara ƙarya a wurin aikinta cewa attajirin nan na neman ta, alhali ko fuskarsa ba ta taɓa gani ba. Zance ya bazu. Sanjay ya taso a fusace don ya ƙaryata ta, sai ya hango ta a hanya tana taimakon wasu yara naƙasassu, nan take zuciyarsa ta yi sanyi. Maimakon ya faɗi ko shi wane ne, sai ya ce sunansa Sachin, talaka ne mai neman abin sawa a baki. A haka ta so shi. Ranar da tafiyar aiki zuwa London ta kama shi, ya ce mata gyatumarsa ce ba lafiya a ƙauye. Ita kuwa ba ta yi wata-wata ba, ta je ta sayar da motarta, abin da ta daɗe tana buri kafin ta samu, ta danƙa masa kuɗin ya yi wa tsohuwa magani.

Bayan haka ne, cikin jirgin ƙasa, Kalpana ta kuɓutar da ƴan mata 25 daga hannun masu fataucin mutane. Uban gayyar wannan fatauci shi ne Ghajini, kuma bai yafe ba. Ya iske ta har gida da ƙartinsa, ya kashe ta da sandar ƙarfe a gaban Sanjay, shi ma Sanjay aka rafka masa ƙarfen a ka. Ya rayu, amma daga ran nan kansa ba ya riƙe sabon abu fiye da minti 15. Don haka ya mai da kansa littafi. Yana yawo da na'urar hoto mai fiddo hoto nan take, kowane hoto ya rubuta bayani a jikinsa. Bangon ɗakinsa cike yake da takardu. Abin da ya fi nauyi kuwa ya sa an zana masa shi da allura da tawada a ƙirji da hannuwa, yadda kullum in ya tuɓe riga gaban madubi zai karanta cewa an kashe Kalpana, kuma akwai wanda yake nema.

A.R. Murugadoss ne ya shirya fim ɗin. Ya fara yin sa da harshen Tamil a 2005, da jarumi Suriya, kafin ya sake shi da harshen Hindi. Asin ce ta fito a matsayin Kalpana a duka biyun, A.R. Rahman kuma ya yi kiɗan na biyun. An sake shi ran 25 ga watan Disamba na 2008, ya zama fim ɗin Hindi na farko da ya tara sama da rupi miliyar 1 a gidajen silimar Indiya. Samarin can sun yi ta tururuwa wurin wanzami a yi musu askin Aamir Khan, ƙwal da layi guda a gefe, wato inda tabon ƙarfen yake.

Motar Kalpana

Samarinmu su ma abin da suka riƙe ke nan: ƙirar jikin Aamir Khan da yadda yake watsa mutum goma shi kaɗai. Ƙorafinsu bai wuce tsawon fim ɗin ba, don ya kai awa 3, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya sai a wuni.

Mata kuwa wani wuri daban suka sa ido. Mafi yawan waɗanda muka ji ta bakinsu, maganar motar nan ce ta tsaya musu a wuya. Suka ce yaya mutum mai jirgi da ofis zai miƙa hannu ya karɓi kuɗin marainiyar Allah da ta sayar da kadararta guda tak, a kan ƙaryar da shi ya shirya? Wata mai sayar da atamfa ta ce ita ta san abin da ake nufi da a karya jari saboda ciwon wani, don ta taɓa yi, kuma in da za ta gano daga baya cewa gwada ta aka yi, ko da zinariya aka biya ta ba za ta huce ba. Mazan da ke kare Sanjay suna cewa ai mai kuɗi bai san masoyinsa na gaskiya ba sai ya ɓad da kama, kuma ya yi niyyar faɗa mata gaskiya da zarar ya dawo. Matan suka ce to, ya dawo ɗin? Kalpana ta mutu ba ta san wanda ta so ba. Mu dai a nan muna bayan mata. Fim ɗin ya nuna wannan ƙarya kamar zuma, da kiɗa da rawa, amma duk wanda ya taɓa jinkirta biyan wani haƙƙi har mai shi ya rasu ya san cewa gobe ba ta hannun kowa.

Ƴan kasuwa maza da suka manyanta, su wurin da ya girgiza su shi ne inda Ghajini ya gano asirin Sanjay. Bai kashe shi ba. Ya sa aka lalata hotunan, aka kwashe takardun, aka shafe rubutun da ke jikinsa, sai aka bar ƙato zaune kamar jariri, bai san yana da abokin gaba ba balle ya neme shi. Wani dattijo mai sayar da kayan masarufi ya ce wannan wurin gobara ya tuna masa. Waɗanda suka ga gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982, da sauran gobarar kasuwanni da suka biyo baya, sun san cewa kayan da suka ƙone asara ce da ake iya ƙirgawa, amma littafin bashin da ya ƙone asara ce da ba a san iyakarta ba, don daga ranar sai mai tsoron Allah kaɗai ke zuwa ya ce ana bin sa. A fim ɗin, wata ɗalibar likitanci mai suna Sunita ce ta ceci Sanjay, don ta karanta littattafan da ya rubuta tarihin soyayyarsa tun yana lafiya, ta zo ta tuna masa.

Sai dai akwai abin da Ghajini bai taɓa tambaya ba. A wurinsa, duk abin da aka rubuta gaskiya ne. Matsala kawai kada rubutun ya ɓace. Mugu mugu ne, mai gaskiya mai gaskiya ne, aka yi ramuwa, kowa ya tashi ransa fari. Fim ɗin Amurka da aka ɗauko labarin daga gare shi bai bar ƴan kallo sun tashi da wannan kwanciyar hankali ba.

Fim ɗin da ke tafiya da baya

Christopher Nolan, wanda a 2024 ya karɓi kyautar Oscar saboda fim ɗin Oppenheimer, yana matashi ɗan shekara 30 lokacin da aka fara nuna Memento a bikin finafinai na Venice, ƙasar Italiya, cikin watan Satumba na 2000. Tushen labarin daga ƙanensa Jonathan ya fito. Guy Pearce ne ya fito a matsayin Leonard, tsohon mai binciken kamfanin inshora, wanda wasu suka shiga gidansa da dare suka far wa matarsa, shi kuma aka buga kansa. Kamar Sanjay, yana da hotuna, yana da rubutu a jiki, yana neman wani mutum da ya sani da suna John G. kawai.

Ba waƙa, ba rawa, bai cika awa 2 ba. Abin da ya sa ya zama abin magana shi ne yadda aka jera shi. An fara da ƙarshe: Leonard ya harbe wani mutum mai suna Teddy. Daga nan sai a nuna maka abin da ya faru kafin wannan, sa'an nan abin da ya faru kafin wancan, haka har a kai tushe. A tsakani kuma ana saka wasu guntaye marasa launi, fari da baƙi, waɗanda su gaba suke tafiya, har layukan biyu su haɗu. Kamar ka ɗauki karne ka soma karatu daga shafin ƙarshe kana komawa baya: kowane shafi ka ga an rubuta wane ya biya, amma sai ka juya kafin ka san abin da ya saya. Manufar ita ce ɗan kallo ya ɗanɗani abin da Leonard ke ji, ya faɗo tsakiyar al'amari bai san yadda aka zo nan ba. Akwai inda Leonard ya farga yana gudu, ya hango wani shi ma yana gudu, ya ɗauka shi ke korar mutumin, sai da aka auno shi da bindiga ya gane ashe shi ake kora.

Manyan kamfanonin rarraba finafinai na Amurka sun ƙi sayen sa, suka ce zai rikita mutane. Kamfanin Newmarket da ya zuba kuɗin yin sa ya rarraba da kansa a 2001, sai ga shi baki ya kai wa baki, fim ya tara kusan dalar Amurka miliyon 40 a duniya, aka kuma sa shi cikin takarar Oscar a fanni biyu, rubutun labari da haɗa hoto. Mutane sun riƙa komawa kallo na biyu da na uku. Da faifansa ya fito, a wasu bugun har an ɓoye wata hanya da mutum zai kalle shi a miƙe daga farko zuwa ƙarshe, don masu son su tabbatar lissafin ya fita. A 2017 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin finafinan ƙasar da ake adanawa.

Amma ba kowa ya yaba ba. Wasu ƴan kallo sun ce wayo ne kawai: in ka miƙe labarin, ba wani abin a zo a gani. Wasu sun ce sanyi gare shi, ba wanda za ka so a ciki. Shahararren mai sharhin finafinai na birnin Chicago, marigayi Roger Ebert, ya buɗe sharhinsa da wasiƙar da ya samu daga New York, inda aka tambaye shi: in abu na ƙarshe da Leonard ke tunawa shi ne daren da aka far wa matarsa, to ta yaya yake tuna cewa yana da ciwon mantuwa, har yana yi wa kowa bayani? Ebert ya ce shi ma ya kalla sau biyu, kuma abin da ya fahimta shi ne rikicewar ita ce aka so ɗan kallo ya zauna a ciki. A nan gida, ƴan kaɗan da suka gan shi, galibi ɗalibai da ma'aikata masu jin Faransanci ko Ingilishi, wasu sun ce mana sun kashe shi tun ba a yi nisa ba don sun zaci faifan ne ke tsalle.

Masu cin amanar mai mantuwa

Mun ba wasu ƴan kasuwa labarin wurare uku daga cikin Memento, don mu ji yadda za su auna su.

Na farko mai kula da masaukin da Leonard ya sauka. Da ya lura baƙonsa ba ya riƙe komi, sai ya ba shi ɗaki na biyu, yana karɓar kuɗin ɗaki biyu. Da asiri ya tonu bai ko ji kunya ba, ya ce kasuwa ce ba ta tafiya, kuma ya san nan da jimawa kaɗan baƙon zai manta. Da muka faɗi wannan an yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Kowa ya san irin wannan mutumin. Shi ne mai karɓar kuɗi sau biyu hannun tsohuwar da ido da tunani suka yi wa rauni, shi ne mai cewa ai na ba ki canjinki, Inna, duba bakin zanenki.

Na biyu Natalie, mai aiki a mashaya. Ta fara gwada shi: aka tofa miyau cikin kofi a gaban idonsa, bayan ɗan lokaci ta miƙa masa, ya sha. Daga baya, da ta so ta yi amfani da shi, sai ta kwashe duk abin rubutu da ke ɗakin ta zuba a jakarta, ta zage shi, ta zagi matarsa da ta mutu, har ya kai mata hannu ya fasa mata baki. Ta fita ta zauna cikin mota tana kallon sa ta taga yana laluben abin da zai rubuta kafin abin ya gudu masa. Da ta ga lokaci ya yi, ta dawo tana kuka, ta ce wani ne ya doke ta, shi kuwa ya tashi zai rama mata. Matan da suka ji wannan sun rabu: wasu sun ce wannan ba mace ba ce, shaiɗaniya ce, wasu sun tuna mana cewa rigar da Leonard ke sanye da ita da motar da yake tuƙawa na saurayinta ne da ya ɓace, don haka ita ma tana da nata bashin da take bi.

Na uku shi ne ya hana majalisa tashi. A ƙarshen fim, wanda shi ne tsakiyar labarin, Teddy ya gaya wa Leonard cewa shi ɗan sanda ne, cewa sun riga sun sami ainihin mai laifin tun shekara guda da ta wuce kuma Leonard ya kashe shi da hannunsa, amma ramuwar ba ta zauna a kansa ba. Tun daga nan Teddy ke nuna masa mutane yana kashewa. Na baya-bayan nan wani dillalin ƙwaya ne mai dalar Amurka dubu 200 a bayan mota. Ya ƙara da cewa matar Leonard ma ba ta mutu daren nan ba, tana da ciwon sukari, kuma Leonard ne ya yi ta maimaita mata allurar insulin don ba ya tuna ya yi, har ta wuce ƙima. To me Leonard ya yi da ya ji haka? Yana sane, cikin ƴan mintocin da suka rage masa, ya ƙona hoton da ke shaida abin da ya aikata, ya rubuta lambar motar Teddy a matsayin lambar wanda ya kashe matarsa, don a zana masa a jiki. Ya san zai manta cewa shi ya shirya ƙaryar. Ya san gobe zai karanta ta da hannunsa ya gaskata.

Har yau masu kallo a duniya ba su daidaita ba kan ko Teddy gaskiya ya faɗa, tunda shi ma maƙaryaci ne. Amma ƴan kasuwarmu ba su ɓata lokaci kan wannan ba. Wani mai sayar da kayan gyaran babur ya ce shi abin da ya gane, littafi ba ya ƙarya amma mai littafi na yi, kuma mafi munin littafi shi ne wanda mai shi ya cuci kansa a ciki. Ya kawo misalin ɗan kasuwar da ke cin jari yana rubuta shi a matsayin riba, ko wanda ya rubuta jikka 50 a kan wani alhali ya san 30 ne, bayan wata shida shi da kansa ya rantse a kan 50 ɗin da zuciya ɗaya, don abin da ya gani a rubuce ke nan. Wata mai adashe ta ce shi ya sa ita ba ta yarda a zuba ko a kwashe sai gaban mutum biyu, ko da an rubuta. Ba sabon abu ta faɗa ba: ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a surar Baƙara, kan bashi ta sauka, kuma ta haɗa rubutu da shaidu. Leonard yana da rubutu har a cinya, amma ba shi da mutum guda da zai amince wa.

Me likitoci suka ce?

Da yawa sun tambaye mu ko irin wannan ciwo akwai shi da gaske, ko ƙirƙirar ƴan fim ce. Akwai shi. Cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen kowane kunne, akwai wani ɗan sashe da ake kira hipokampus. Aikinsa kamar na ɗan dako ne mai kwasar kaya daga tebur ya kai mangaza. In ya lalace ta ɓangarorin biyu, tsohon kayan da ke mangaza yana nan, mutum ya san sunansa da garinsu da ƙuruciyarsa, amma sabon kaya a tebur yake tsayawa, da an juya baya ya tafi.

Wanda aka fi sani da wannan ciwo wani Ba'amurke ne, Henry Molaison. A 1953, yana ɗan shekara 27, wani likita mai suna William Scoville ya yi masa aiki a birnin Hartford don maganin farfaɗiya, ya cire masa wannan sashe ta gefe biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga nan bai ƙara riƙe sabon abu yadda ya kamata ba har ya rasu ran 2 ga Disamba na 2008, makonni uku kafin fitowar Ghajini. Wata masaniya daga Kanada, Brenda Milner, ta sa shi zana tauraro yana kallon hannunsa cikin madubi. Kullum hannunsa na ƙara gwanancewa, shi kuwa kullum cewa yake bai taɓa yi ba. Ashe abin da hannu ya koya a wani wuri daban ake ajiye shi. Tun a 1911 wani likita na birnin Geneva, Édouard Claparède, ya ba da labarin wata majinyaciya da ba ta gane shi duk zuwan da ya yi. Ran nan ya ɓoye tsinin allura a tafin hannunsa ya gaisa da ita. Da ya dawo ba ta san shi ba, amma ta ƙi ba shi hannu.

Sai kuma Clive Wearing, wani gwanin kiɗa na Ingila da ƙwayar cuta ta shiga ƙwaƙwalwarsa a 1985. Nasa bai ko kai minti guda ba. An ba shi littafi ya riƙa rubutu, sai ya cika shafuka da magana guda, cewa yanzu ne ya farka a karo na farko. In ya ga layin da ke sama, da rubutun hannunsa, sai ya soke shi don bai tuna ya rubuta ba. Wannan ya nuna inda finafinan biyu suka ƙara gishiri: mai irin wannan ciwo da wuya ya iya shirya farauta ta wata da watanni shi kaɗai. Amma abu biyu ba su bar Wearing ba, kiɗan piyano da matarsa Deborah, wadda duk shigowar da ta yi sai ya tarbe ta kamar ta shekara ba ta nan.

Duk da haka, a 2004 wata masaniyar ƙwaƙwalwa ta London, Sallie Baxendale, ta yi nazarin finafinan mantuwa cikin mujallar likitocin Birtaniya, ta nuna mafi yawansu ba su da alaƙa da gaskiya, ta sa Memento cikin ƴan kaɗan da suka kusanta. A nan ya kamata masu son fim ɗin Indiya su buɗe kunne. Abin nan da muka saba gani, a bugi mutum a ka ya manta, a sake bugun sa ya tuna, ba haka yake ba. Bugu na biyu ƙarin ɓarna ne. Kuma ba sai an haɗu da Ghajini ba: faɗuwa daga kabu-kabu ba hular kwano, ciwon da ke kumbura ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki, ko daɗewa ana shan giya ba cin abinci, duk suna iya taɓa tunani. Wanda ya bugu a ka ya riƙa maimaita tambaya guda, ko yana amai, ko barci na rinjayar sa, gidan likita za a nufa da shi nan take, kafin a tsaya gardamar ko iska ce ko sammu. Mantuwar tsufa kuwa, wadda ke shigowa sannu a hankali har dattijo ya kasa lissafin da ya shekara 40 yana yi da ka, wani ciwo ne daban, amma masu cin amanar iri ɗaya ne, kuma sau da yawa ba daga nesa suke zuwa ba.

Da muka koma wurin mai atamfar nan muka ba ta labarin Memento, ta ce ita a bar ta da na Indiya, don ko ba komi an kashe mugu ta gani da idonta. Muka tuna mata ƙarshensa, inda aka nuna Sanjay zaune a gidan marayu, Sunita ta kawo masa ɗan allon da shi da Kalpana suka taka sawunsu ya fito ranar da suka shiga sabon gida. Ta ce ta tuna, har ta yi hawaye a wurin. Sa'an nan ta naɗe turmin da ke hannunta ta ce amma kuɗin motar nan, ita dai har fim ya ƙare ba ta ga inda aka mayar ba.